WASIƘAR AKAWU: Kowace Gada Da Iyakar Nauyin Da Ta Ke Ɗauka

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in yi magana a kan wani abu wanda ya ke ƙarami a ido, amma ya kan hana ɗan talaka jarrabawa, ya hana manomi taki, ya jinkirta wa ma'aikaci albashinsa. Abin nan kuwa shi ne iyakar nauyin fayil ɗin da kwamfutar wani ofis ta ke yarda ta karɓa daga kwamfutar wani ofis.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, wasiƙu uku sun iske ni cikin watan nan, kuma kukansu iri ɗaya ne. Wani malamin makaranta a ƙasar Kudan ya ce ya kwana biyu yana ƙoƙarin aika hotunan ɗalibansa, na'ura tana maido masa da su. Wani magatakardan ƙungiyar manoman rake a ƙasar Makarfi ya ce ya aika da jerin sunayen mutanensa, aka ce ba a gani ba. Wani akawu kuma a ƙasar Ikara ya ce filashinsa yana da fili fal, amma ya ƙi karɓar fayil guda ɗaya tak. Dukansu uku sun ɗora laifin a kan sabis. To, sabis yana da nasa laifin, ba mu wanke shi ba, amma a nan ba shi kaɗai ne mai hannu ba.

Ya kai mai karatu, ka san kakanninmu ba baƙin wannan al'amari ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Likoro da Gimi, duk wanda ya kai kaya tasha ya san sai an ɗora su a sikeli tukuna, sa'an nan a rubuta masa takardar kaya. Mai buga waya a gidan waya kuwa, kalma kalma a ke ƙirga masa kuɗi, shi ya sa mutanen dā su ke da taƙaita magana. Har yau ɗin nan direban da ya yi lodin rake daga kasuwar Makarfi ya san ba kowace gada ce zai hau da shi ba. Kwamfuta ba ta kawar da wannan doka ba, ɓoye sikelin kawai ta yi inda ido ba ya ganinsa, mu kuwa muka ɗauka abin da ya ke tafiya a iska ba shi da nauyi.

Bari mu fara da mudun awon. Harafi ɗaya na boko, kamar a ko b, nauyinsa bait ɗaya ne. Haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, bait biyu biyu su ke ci. Bait dubu shi ne kilobait, kilobait dubu shi ne megabait, megabait dubu kuma shi ne gigabait, ko da ya ke wasu na'urori da 1,024 su ke lissafi maimakon 1,000. Shafi guda na rubutun tafireta bai wuce kilobait 2 zuwa 3 ba. Amma in ka ɗauki hoton wannan shafi da wayar hannu, sai ka tarar ya kai megabait 3 ko fiye. Ka duba wannan da kyau. Hoton shafi ɗaya ya yi nauyin rubutun shafi dubu. Wanda ya aika da hoton takarda alhali yana da ikon aika rubutun kansa, daidai ya ke da wanda aka ce ya kawo mazarƙwaila, sai ya ɗauko raken gonar duka har da ganye.

Sa'an nan ga ƙofofin da kayan za su bi, kowace da faɗinta. Gmail ba ya barin ka liƙa wa wasiƙa abin da ya wuce megabait 25. In ya wuce, sai ya ajiye shi a rumbunsa na Google Drive, ya aika da mabuɗin wurin kawai. Akwai ofisoshi da yawa da ƙofar imel ɗinsu ba ta wuce megabait 10 ba. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba shi ne, tun asali imel don rubutu zalla aka ƙera shi, sai a 1992 aka fito da ƙa'idar liƙa masa hoto da sauran kaya, kuma dabarar da aka yi ita ce a juya kayan su koma haruffa, kowane bait uku ya zama huɗu. Sabo da haka fayil mai megabait 20 ya kan isa ƙofar mai karɓa yana da kusan 27. Kai ka auna hatsi, shi kuwa mai gadin ƙofa da buhu da igiya ya auna.

Shafukan da hukumomi da kamfanoni su ke buɗewa don a ɗora takardu, su ma da tasu iyakar, kuma sau da yawa ta fi ta imel matsi. Kayan aikin da a ke gina irin waɗannan shafuka da su suna zuwa da iyakarsu tun daga masana'anta. Wanda a ke kira Nginx megabait 1 ya ke bari, wanda a ke kira PHP kuma megabait 2, sai fa in maginin shafin ya tuna ya buɗa ƙofar. In ka ga na'ura ta jefo maka lamba 413, to, ba sabis ba ne, ba kuma asiri aka yi maka ba. Ma'anarta kayanka sun fi ƙarfin ƙofar, ko ka sake gwadawa sau ɗari amsar ɗaya ce. Wannan ita ce amsar malamin Kudan. Hoton fuskar ɗalibi da a ke nema don rajista ɗan ƙarami ne, na kilobait kaɗan, shi kuwa yana tura hoton waya ɗanye.

Akawun Ikara kuma, ga taka amsar. Filashi da yawa suna zuwa da wani tsohon tsarin ajiya da a ke kira FAT32, wanda ya fito tun 1996. A wannan tsari fayil guda ba ya kai gigabait 4 cif, ko da kuwa filashin mai gigabait 32 ne kuma babu kome a cikinsa. Rumbun yana da girma, bakinsa ne ƙarami. Maganin shi ne a sake tsara filashin da exFAT, wanda ya fito a 2006. Amma fa a yi hattara, sake tsarawa yana share duk abin da ke ciki, sai a kwashe kaya tukuna.

WhatsApp, wanda yanzu ya zama masinjan kowane ofis, tun 2022 ya yarda a aika da fayil har gigabait 2, dā kuwa megabait 100 ne iyaka. Sai dai shi ma da nasa halin. In ka aika da takarda a matsayin hoto, ya kan matse ta don ta yi sauƙin tafiya, har ƙananan lambobi su dushe, 3 ta yi kama da 8. In kana so ta isa yadda ta ke, sai ka aika da ita a matsayin fayil.

Kada kuma mu manta da tsawon hanya. Masu sayar da sabis da megabit su ke awon gudu, megabit takwas kuwa shi ne megabait ɗaya. In layinka yana tura megabit ɗaya a daƙiƙa, gigabait ɗaya zai ci daƙiƙa 8,000, watau sa'a biyu da minti goma sha uku, in wuta ba ta ɗauke ba, in kuma sabis bai yanke ba. Turawa kuwa ta kan fi saukewa nawa. Wasiƙar da ka aika daga Hunkuyi zuwa Zariya ma, ba mamaki sai ta gangara Ikko, ta ƙetare teku, sa'an nan ta komo. Wanda ya ke shakka ya tuna da 14 ga Maris 2024, ranar da igiyoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna da ofisoshi ya yi tsaiko a Nijeriya.

Yanzu ga inda na ke so kowa ya kasa kunne. A ganina ƙin karɓar kaya iri uku ne. Na fari, na'ura ta ce maka a fili ba ta karɓa. Wannan mai gaskiya ce, ka gode mata, don ta gaya maka tun da sauran lokaci. Na biyu, kaya su yi rabin hanya su tsaya, mai karɓa ya sami fayil ɗin da ba ya buɗuwa. Wannan da ban haushi, amma a kan gane. Na uku shi ne mugun, watau na'ura ta karɓi abin da za ta iya, ta zubar da saura, ta yi shiru. Mai aikawa ya tafi gida yana murna, mai karɓa ya buga hatimi, sunayen da ke ƙarshen jeri kuwa sun faɗi a hanya babu wanda ya sani.

Kada wani ya ce wannan sai a ƙauye. A Ingila ya faru, a 2020, lokacin annobar korona. Hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar tana tattara sakamakon gwaji daga ɗakunan bincike, tana zuba su a cikin wani tsohon samfurin Excel wanda layukansa ba su wuce 65,536 ba. Da sakamakon ya yi yawa, abin da ya wuce layin ƙarshe sai ya riƙa zubewa. Daga 25 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba, mutum 15,841 da aka samu da cutar ba su shiga lissafi ba, waɗanda suka yi cuɗanya da su kuma ba a neme su a kan kari ba. Abin takaici, tun 2007 akwai sabon samfuri mai layi 1,048,576. To, in haka ta sami mutanen da suka daɗe da wannan aiki, ina ga magatakardan da ke haɗa sunayen manoma da fitilar waya? Shi Bature an rubuta labarinsa a jarida, an yi gyara. Manomin tumatir na Ikara da sunansa ya zube kuwa, ce masa kawai za a yi ba ya cikin jeri, ya koma gida yana zargin mai unguwa ko magatakarda da cin amana, alhali babu wanda ya ci masa ko kwabo. Ka ga yadda ƙaramin abu ya ke haddasa gaba tsakanin maƙwabta.

Amma adalci ya sa in faɗi cewa ba don mugunta aka sa waɗannan iyakoki ba. Rumbun da ke karɓar saƙo kuɗi a ke biya a kansa, hanyar kuma ta jama'a ce. In da za a bar kowa ya turo abin da ya ga dama, mutum ɗaya sai ya toshe gadar ya hana dubu wucewa, miyagu kuma su sami hanyar durƙusar da shafin da gangan. Iyaka ba laifi ba ce. Laifin shi ne a sa iyaka a ɓoye ta, a bar mutum yana ta bugun ƙofar da ba za ta buɗe ba.

To, 'yan'uwana akawuna da malamai, ga shawarwarin da na ke ba mu.

Na ɗaya, mu auna kafin mu aika. Kowace kwamfuta da kowace waya tana nuna nauyin fayil. Mu tambayi mai karɓa iyakar ƙofarsa tun da wuri, don tambaya ba ta rage mutum da kome.

Na biyu, mu aika da rubutu, mu bar hoton rubutu. Ga misali. Ƙungiya mai manoma 300, in kowane hoto megabait 3 ne, ka ga megabait 900 ke nan. In an rage kowane ya koma kilobait 50, duka ba su wuce megabait 15 ba, fuska kuwa tana nan sarai. Jerin sunayen kansa in an buga shi, bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Ma'aikatan lafiya sun riga mu gane wannan. Rahoton wata wata na asibitoci, lambobinsa a ke bugawa a cikin tsarin nan DHIS2 da aka ƙera a Jami'ar Oslo, ba hoton littafin rajista a ke turawa ba, shi ya sa ya ke wucewa ko da sabis mai rauni ne.

Na uku, in tilas sai an ɗauki hoton takarda, a ɗauke ta baƙi da fari, a haɗa shafukan a cikin PDF guda. Matse fayil da Zip yana rage nauyin rubutu ƙwarai, amma ba ya rage na hoto sai kaɗan, don shi hoto an riga an matse shi.

Na huɗu, in kayan sun yi yawa a raba su ƙunshi ƙunshi, kowane da lambarsa: na 1 cikin 5, na 2 cikin 5, har ƙarshe. Haka fatake su ke yi wa buhunansu alama, don in ɗaya ya ɓace a san wanne ne.

Na biyar, kuma shi ya fi duka, kowane jeri ya tafi da takardar kayansa. Ka rubuta a cikin wasiƙar cewa sunaye kaza ne, jimlar kuɗi kaza ce, sunan farko wane, sunan ƙarshe wane. Ka roƙi mai karɓa ya buɗe, ya ƙirga, ya maido maka da amsa a rubuce. Wannan aikin minti biyu ne, amma da shi za a kama ɓarawon nan mai shiru. A duba kuma sifirin farko na lambar waya da na lambar asusun banki, don Excel yana da halin haɗiye shi, lamba goma ta koma tara, kuɗi ya ƙi shiga.

Na shida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar rufe rajista kowa a ƙasar nan yana kan gada ɗaya, daga Sakkwato har Fatakwal. Wanda ya aika saura mako guda, in an maido masa yana da damar gyara.

Na bakwai, wani lokaci zuwa da kai ya fi aike. A Afirka ta Kudu, a watan Satumba na 2009, wani kamfani ya ɗaura wa tattabara ɗan katin ajiya mai gigabait 4, ta tashi tafiyar kimanin kilomita 80 zuwa wajen Durban, a daidai lokacin kuma aka fara tura fayil ɗin ta waya. Cikin sa'a biyu da 'yan mintoci tattabara ta isa har an kwafe kayan, ita kuwa waya kashi 4 cikin 100 kawai ta tura. Sabis ya ƙaru tun daga wancan zamani, amma lissafin bai sake ba. In kayan gigabait masu yawa ne, filashi a aljihun amintaccen masinja a motar Zariya ko ta Kaduna ya kan riga iska isa.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba. Sa'ad da ƙofar ofis ta ƙi buɗewa, mu kan nemi ta bayan gida, mu jefa jerin sunaye da lambobin NIN da BVN a cikin zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, ko mu ajiye su a rumbun intanet mu bar mabuɗin a buɗe ga kowa. Wannan amanar mutane ce. Tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, ko babu doka ma, 'yan damfara da irin waɗannan lambobi su ke kwashe wa tsofaffi ɗan abin da suka tara. In za a bi ta rumbu, a ba mutum ɗaya mabuɗi da sunansa, in ya ɗauka a rufe.

Daga ƙarshe ina kai kukana ga manya, da ladabi. Masu gina shafukan hukumomi da na kamfanoni, ku rubuta iyakar nauyi a bakin ƙofa, da manyan haruffa, da Turanci da Hausa, yadda a ke rubuta wa direba a bakin gada. In na'ura za ta ƙi kaya, ta faɗi dalili da harshen da mutum zai gane, ta daina jefo masa lamba. In ta karɓa, ta ba da rasit mai nuna sunaye nawa suka shiga. In sabis ya yanke, a ci gaba daga inda aka tsaya, kada a mai da mutum farko ya sake sayen data. Ku tuna wanda ya gwada shafin a Abuja a kan layi mai gudu, ba shi ne zai yi aiki da shi a Paki ko a Gimi da damina ba. Shugabannin ƙananan hukumominmu uku kuma, da za ku tara akawunanku da magatakardan ƙungiyoyi ko da yini ɗaya ne, a koya musu auna fayil da rage hoto da rubuta takardar kaya, da kuɗin da za ku kashe bai kai hasarar taki na ƙauye ɗaya ba.

Dā can an san akawu da kyan rubutu da tsabtar littafi. Yau littafin ya koma cikin na'ura, amma aikin bai sake ba, watau abin da aka ba ka amana ya isa inda aka aike shi cif, ba ragi. Duk mai wata dabara da ta fi waɗannan, ko mai ganin na karkace a wani wuri, ya rubuto wa Edita mu ƙaru da juna. Iyakar abin da ke bakina ke nan a wannan mako. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ni ne naka,
Akawu, Makarfi.